ABIN DA KAN HANA ƘARAMIN INJI SHAN MAI IN YA DAƊE A AJIYE

Cikin dukan injuna masu cin mai da ɗan Adam ya ƙera, da wuya a sami wanda ya kai injin jirgin saman wasa ƙanƙanta. Wani bai fi babban yatsa ba, in ka sa shi a tafin hannu ka dunƙule sai ya ɓace. Amma fa inji ne sosai, da fistin da silinda da karanshaf, yana shan mai, yana hayaƙi, yana ƙara kamar ya tsaga kunne, yana kuwa juya farfela fiye da sau 12,000 a minti guda. Irinsu ne yara da manya a Amurka da Ingila da Japan suka riƙa ɗaura wa 'yan jiragen katako mara nauyi tun daga shekarun 1930, suna tashinsu a fili, waɗansu da dogon zare a hannu, waɗansu da rediyo.

Yanzu injin lantarki mai batir ya karɓe mafi yawan wannan fage, saboda haka injunan nan da yawa suna kwance cikin akwatuna da ɗakunan ajiya, wani shekara goma, wani hamsin. Ran nan sai magaji ko wani mai sha'awa ya zaro ɗaya, ya kakkaɓe ƙura, ya zuba mai, ya buga farfela. Inji ya yi firrr, kafin a ƙirga uku ya mutu. A sake, ya sake. Daga nan sai mutum ya kama allurar mai yana murɗawa gaba da baya, har ya manta inda ya same ta, in ya gaji ya ce injin ya ƙare, ya jefar. Alhali kuwa mafi yawansu lafiyarsu lau, mai ne kawai ba ya isa inda ya kamata. Abin da ya sa hasarar ta ke da ciwo shi ne, da yawa daga cikinsu an daina ƙera su, wanda aka lalata ba a mayar da shi.

To, kafin mu bi sawun man nan, ya kamata mai karatu ya san irin abin da injin ya ke sha, gama a nan tushen cutar ya ke.

IRI BIYU DA MANSU

Iri na farko shi ne mai fulogin garwashi. Wani Ba'amurke, Ray Arden, shi ya fito da wannan fulogi kasuwa wajen 1947. A cikinsa akwai 'yar siririyar waya ta filatinam a nannaɗe. A kan haɗa ta da batir mai ƙarfin bolt ɗaya da rabi ta yi ja, in inji ya tashi a cire batir, ita kuwa ta ci gaba da zama garwashi, domin tururin metanol in ya taɓa filatinam mai zafi ya kan ƙara masa zafi. Man wannan iri metanol ne mafi yawansa, da man shafawa kamar kashi 20 cikin 100, sa'an nan sau da yawa a kan ƙara wani ruwa mai suna nitrometan don ƙarin ƙarfi. Injunan Cox da Fox na Amurka, da O.S. da Enya na Japan, galibinsu irin nan ne.

Iri na biyu shi a ke kira dizal, ko da ya ke bai haɗa kome da man gas na manyan motoci ba. Ba shi da fulogi sam. Matsi kaɗai ke kunna shi, akwai kuwa wani ɗan fistin na biyu a saman silinda wanda a ke matsawa ko a sassauta da sukuru. An fara sayar da irinsa a Suwizalan a farkon shekarun 1940, Ingilishi suka rungume shi bayan yaƙi, har Mills mai cc 1.3 da ya fito a 1946 ya yi suna ƙwarai don sauƙin tashinsa. Tsohon haɗin mansa kashi uku ne daidai wa daida: kananzir, da man shafawa, da eta, watau ruwan nan da likitocin dā su kan shaƙa wa majiyyaci kafin a yi masa fiɗa.

Man shafawan nan fa, a tsofaffin haɗe-haɗe da yawa, ba wani baƙo ba ne. Man zurma ne, cika-gida ɗin nan da ke tsirowa a bayan danga da kan juji a ƙasarmu. An zaɓe shi don yana narkewa cikin metanol, abin da man injin mota ba ya yi, kuma ba ya gudu daga ƙarfe kome zafi. Da shi aka shafa injunan jiragen Yaƙin Duniya na Farko masu juyawa tare da farfela, daga sunansa na Turanci kuma kamfanin Castrol ya samo nasa. Sai dai yana da hali guda. In metanol ko eta ya bushe ya bar shi shi kaɗai, iska tana bugunsa, sai ya yi kauri a hankali, ya yi danƙo kamar zuma, daga baya ya daskare ya zama ja-ja kamar ƙaro. Duk inda ɗigon mai ya kwana a cikin inji ranar da aka ajiye shi, nan za ka sami ƙaron nan yana jiranka.

Wani abu kuma da ya kamata a riƙe: injunan nan ba su da famfon mai, sai kaɗan daga cikin manya. Iskar da ke wucewa ta maƙogwaron inji da gudu ita ke zuƙo mai daga tanki, zuƙar kuwa ba ta da ƙarfi, 'yan inci kaɗan ta ke iya ɗaga shi. Ga shi kuma metanol ba kamar fetur ba ne. Fetur yana son iska wajen ninki goma sha biyar na nauyinsa, shi kuwa metanol ninki shida da 'yan kai ya ishe shi, ma'ana inji na bukatar mai fiye da ninki biyu. Mai mai yawa, ta ƙofa kamar kafar allura, da zuƙa mara ƙarfi. Kun ga ke nan ɗan ƙaro kamar ƙwayar gero, ko huda da ido ba ya gani, ya isa ya tsai da kome.

TAMBAYI INJIN TUKUNA

In ka ɗauko inji ka ji ya cije, kada ka sa ƙarfi. Sandar da ta haɗa fistin da karanshaf siririya ce, a kan lanƙwasa ta da hannu ɗaya. Cire fulogi, ka ɗiɗɗiga sabon mai ta ramin fulogin da ƙofar hayaƙi da maƙogwaro, ka bar shi ya kwana. In bai saki ba, ka ɗumama shi da iska mai zafi, irin ta na'urar busar da gashi, nesa da gwangwanin mai. Zafi na narka ƙaro, kuma alminiyam ya fi baƙin ƙarfe buɗewa in ya ji wuta. Sa'an nan ka ɗaura farfela ka riƙa lallaɓa ta gaba da baya har ta zagaya.

Da ya saki, akwai gwaji guda wanda a ganinmu ya fi kowane amfani, mutane kuwa sun fi tsallake shi. Ka sa fulogi a batir ka gani ya yi ja mai haske kamar lemo, ba ja mai duhu ba. Ka mayar da shi. Kada ka zuba kome a tanki. Ɗigo uku ko huɗu na sabon mai kawai za ka sa ta ƙofar hayaƙi ko maƙogwaro, ka haɗa batir, ka buga farfela da ɗan sanda mai roba, ba da yatsa ba.

In ya tashi ya yi ƙara na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya mutu, to, ya ba ka amsa. Wutarsa lafiya, matsinsa lafiya, ya cinye abin da ka ba shi da hannu. In ka cika tanki kuma ya sake yin haka daidai, ba sauran shakka, abin da ke tanki ne ba ya zuwa. In kuwa ko tari bai yi ba, kada ka ɗora wa hanyar mai laifi tukuna, koma ga batir da fulogi da matsi. Ko kuma ka cika shi da mai ya yi obafulo, in ji makanikai. Alamar wannan ita ce fulogi ya jiƙe, farfela ta yi nauyi, mai yana fita ta ƙofar hayaƙi. In ta cije sarai don mai ya cika saman fistin, kada ka tilasta, ruwa ba ya matsuwa. Cire fulogi, kifa injin, ka juya har ya amayar.

Akwai amsa ta uku, wadda ta kan ruɗa mutane. Inji ya tashi yana tafiya muddin batir na haɗe, da an cire sai ya yi sanyi ya mutu. Wannan sau da yawa ba toshewa ba ce. Ko dai fulogi ya tsufa, ko mai ya yi yawa yana kashe garwashin, ko kuwa man ne kansa ya lalace.

GWANGWANI

Wanda ya ajiye inji shekara goma ya kan ajiye rabin gwangwanin mai kusa da shi, mai tsoron hasara kuwa da shi zai fara. Metanol mayen ruwa ne, yana zuƙar laimar da ke cikin iska, in murfi bai rufu gam ba kowace damina sai ta bar rabonta a ciki. Man da ya sha ruwa ya kan ba da wahalar tashi, ya ƙi tafiya a hankali, ya mutu da an cire batir. Wanda aka rufe da kyau aka ajiye a inuwa ya kan daɗe da lafiyarsa. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce a gwada da sabon mai, kome kuwa kada a taɓa. In cuta ta tafi, ka san mai ita.

Na dizal ya fi wannan saurin ɓaci. Eta na tafasa ne a digiri 35 na ma'aunin Santigired, alhali zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya kan wuce 40, saboda haka duk wanda ya riƙe irin wannan mai a ƙasa mai zafi ya san murfi ne dukiyarsa. In eta ya gudu, abin da ya rage kananzir ne da man zurma, ba sa kamawa da matsin da aka saba. Nan ne haɗarin ya ke. Mutum ya ga inji ya ƙi, sai ya yi ta ɗaure sukurun matsi, ya yi ta ƙara mai, har ya lanƙwasa sandar fistin. Ya kamata kuma a tabbata ɗan fistin na sama bai manne da ƙaro ba. In ka sassauta sukuru ka buga farfela, ya kamata ka ji ya koma sama da 'yar ƙara. In bai koma ba, ɗumama kan silinda.

Muna gargaɗi a nan, ba da wasa ba. Metanol guba ne, kaɗan daga cikinsa na makantar da mutum, saboda haka ba a zuƙar tiyon mai da baki yadda waɗansu ke yi wa fetur. Wutarsa kuma da rana kusan ba a ganinta. Eta ya fi shi saurin kamawa. Sirinji mara allura shi ne bakin mai wannan aiki.

TANKI DA TIYO

Tankin jirgin da a ke sarrafawa da rediyo yawanci na roba ne, da toshiya a baki, da 'yan bututun tagulla biyu ko uku da suka ratsa ta. Ɗaya na kai mai ga inji. A cikin tankin an ɗaura masa tiyo mai laushi da ɗan ƙarfe mai nauyi a ƙarshe, domin duk inda jirgi ya karkata, nauyin ya bi mai ya faɗa can. Ɗaya bututun kuwa na numfashi ne, a kan haɗa shi da salansa don hayaƙi ya ɗan tura man daga baya.

Ka girgiza jirgin kusa da kunne. In ba ka ji ƙarfen nan yana ƙwanƙwasa ba, ko ya manne a gindin tanki da ƙaro, ko ya lanƙwaso gaba ya maƙale tun wata saukar gaggawa da aka manta, ko tiyon ya ruɓe ya yar da shi. Akwai wata alama da ta kan nuna wannan sarai: inji ya yi ta tafiya lafiya in tanki na cike, da mai ya kai rabi sai ya mutu. Wannan tiyon ciki ne ya tsage a bakin bututun tagulla, inda kaifin ƙarfe ke cinsa. Muddin mai ya rufe tsagar ba a san da ita ba, da ya sauka ƙasa da ita sai inji ya zuƙi iska. Jirgi da yawa sun faɗo daga sama saboda tsagar da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Fitar da tankin, ka toshe bututun duka sai ɗaya, ka nutsa shi cikin kwanon ruwa, ka hura iska da sirinji, kamar yadda mai faci ke neman huda a tayar keke. Inda kumfa ya fito, nan ne. Toshiyar roba ta kan bushe ta tsuke in ta daɗe. Tagulla kuma in ta kwana cikin mai mai nitrometan ta kan yi kore, korayen ɓarɓashin su bi mai su tafi su tsaya a allura. Tsofaffin tankunan gwangwani na jiragen zare sun fi wuyar sha'ani, gama ba a buɗe su, tsatsa kuwa na ciki. A wanke su da metanol sau da yawa, a zubar a kan farin ƙyalle a ga abin da ya fito. In tsatsar ta ƙi ƙarewa, sabon tanki ya fi araha.

Kada a manta da bututun numfashi. Tankin da iska ba ta shiga, mai ba ya fita, kamar gwangwanin madara da aka huda wuri ɗaya. Inji ya kan tashi, ya yi rabin minti yana ƙara tsananta murya, ya mutu. Ƙaro na toshe shi, ƙofar salansa inda tiyon ke shiga ita ma ta kan cika da baƙin maiƙo. A ƙasa irin tamu kuma sai a ƙara da ƙurar hunturu da ƙwarin nan masu gini da laka, waɗanda ba su ga ɗan rami sun ƙyale ba.

Game da tiyo, shawararmu gajera ce: a sake shi duka, kada a tsaya bincike. Abin lura ɗaya ne. Tiyon silikon na man metanol ne. In ka sa shi a man dizal ko fetur sai ya kumbura ya saɓule, waɗannan suna da nasu irin, na niyofirin ko Tygon. Bayan ka sa sabo, ga gwajinsa. Batir a cire, ka buɗe allura, ka toshe bakin maƙogwaro da yatsa, ka juya farfela da hannu. Ya kamata ka ga mai yana tahowa cikin tiyo taki-taki da kowane juyi. In bai motsa ba, ko gaba a toshe ta ke, ko inji ba ya zuƙa. In kuwa ya taho da kumfa a jere kamar tsakiya a zare, iska na shiga daga baya. Tsayin tanki ma a duba, tsakiyarsa ta yi daidai da allura ko ta yi ƙasa kaɗan.

ALLURA

Nan ne hanya ta fi ƙunci, nan kuma aka fi yin ɓarna. Allurar mai siririn ƙarfe ne mai tsini, tana shiga cikin wani ɗan bututu da ya gitta maƙogwaro, a jikin bututun kuwa akwai ɗan ramin da mai ke fesowa. Kafin ka cire ta, ka ɗaure ta a hankali har ta tsaya, kana ƙirga juyi, ka rubuta. Wanda ya ajiye injin wataƙila a daidai ya bar ta, wannan lissafi kuwa gado ne. A hankali muka ce, domin in ka matsa da ƙarfi tsinin zai yi wuya, ko mazauninsa ya buɗe, daga ranar ba za ta sake saituwa ba.

Jiƙa su cikin metanol ko sabon mai, sa'an nan ka tura mai da sirinji ta baya, watau ta inda allura ke shiga, domin dattin ya koma ta ƙofar da ya shigo. In ka tura ta gaba ƙara cusa shi ka ke yi. In ya ƙi, ka zaro silin waya ɗaya na jan ƙarfe daga tsohuwar wayar lantarki ka zura. Allurar ɗinki da ƙusa da bakin diril duk sun fi tagulla tauri, su kan faɗaɗa ramin, injin kuma ya koma mashayi har abada. Ka mirgina allurar a kan gilashi ka ga ko ta karkace. Ka duba ɗan sifirin da ke riƙe ta, don in ya saki, girgizar inji kaɗai ta isa ta juya ta. In haƙoranta sun yi sako-sako iska na bi ta nan, ɗan guntun tiyo da aka zura a wuyanta ya kan toshe.

Wani kuskure da a kan yi wajen mayarwa: bututun nan mai rami ɗaya yana da fuska. Ramin ya dubi cikin inji, in ka leƙa ta bakin maƙogwaro kada ka gan shi. In ya dubi waje, iska mai shigowa za ta riƙa tura man baya, ka wanke kome tas amma inji ya ƙi sha.

Injin da ke da kafireta ta rediyo yana da ƙarin wurare biyu. Akwai allura ta biyu, ta tafiyar hankali, wadda ƙaro ya fi so don ba a cika taɓa ta ba. In inji na gudu lafiya amma ya mutu da an rage wuta, ko ya shaƙe in an buɗe, ita ce. Akwai kuma zoben roba a ƙarƙashin kafireta, wanda in ya bushe iska ke satar hanya ta gefensa.

IN INJIN KANSA BA YA ZUƘA

Mai karatu zai tuna mun ce ba famfo. Gaskiyar magana, cikin injin shi ne famfon. In fistin ya hau sama sai ya bar gurbi a ƙarƙashinsa, gurbin ya zuƙo iska da mai. In ya sauko ya matsa su, su haura saman silinda. Saboda haka tilas cikin nan ya kasance a rufe gam. Murfin baya yana da 'yar takarda tsakaninsa da jiki, wadda shekaru kan busar, sukurorinsa kuma su kan saki. Ka zuba ɗan mai a kewayen murfin ka juya farfela, in ka ga kumfa ka sami ɓarawon. Injin da ke da boris kuma, in an ajiye shi da ragowar mai a ciki, laimar da metanol ya jawo da tsamin da ƙonewar nitrometan ke bari su kan sa boris tsatsa. Za ka ji gurzo-gurzo in ka juya. Wannan sai sauyawa, don ɓarɓashinsa in ya saki ya kan bi ta silinda ya kakkarce ta.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan Cox Babe Bee, domin cikin tsofaffin injunan da a ke tonowa, da wuya wani ya fi shi yawa. Kamfanin Leroy Cox na Kalifoniya ya fito da shi a 1956. Girman silindarsa 0.049 na inci mai kusurwa, watau cc 0.8, tankinsa kuma a manne ya ke a bayansa, yana cin cc 5, cokalin shayi guda ke nan, wanda ya kan ƙare cikin kamar minti biyu. Ba shi da tiyo a waje da za ka ga mai na tafiya, kome a ɓoye ya ke. A tsakanin tanki da cikin inji akwai wani ɗan falle, siriri kamar ɓawon albasa, na jan ƙarfe a tsofaffi, na roba mai haske ko baƙin ƙarfe a na baya. Shi ne bawul ɗin. Zuƙa ta buɗe shi, matsi ya rufe shi. Ɗigo guda na man zurma in ya bushe a ƙarƙashinsa ya manne shi, shi ke nan, injin zai cinye abin da ka ɗiga masa ya mutu, ko sau ɗari ka buga.

Kwance sukurori huɗun da ke baya, tanki ya rabu. Jiƙa fallen har ya saki da kansa, kada ka ɓamɓare shi da tsinke, in ya lanƙwashe ko kaɗan ba ya sake rufewa. Zoben wayar da ke riƙe shi ya bar masa sarari, har ya iya juyawa a mazauninsa. In an wanke an shanya, gwajinsa shi ne iska ta wuce ta fuska ɗaya, ta ƙi wucewa ta ɗayar. A cikin tankin akwai ɗan lanƙwasasshen tiyo da siririn sifirin a cikinsa, ya kan taurare ya tsage, a sake shi, a kuma tabbata bakinsa ya kwanta inda mai ke taruwa. Sa'an nan ga wani ɗan zoben roba, bai kai ƙwayar wake ba, a inda maƙogwaro ya haɗu da murfin tanki. Mutane da yawa ba su san da shi ba sai ya faɗi ƙasa. In ya mutu, iska da mai su kan cakuɗe ba bisa ƙa'ida ba, allura kuma ta daina jin magana. Ragar da ke bayan murfin, inda iska ke shiga, ita ma a goge ta. Har yanzu akwai 'yan kasuwa a Kanada da Amurka masu sayar da waɗannan ƙananan kaya.

TASHIN FARKO

In an gama, a ɗaure injin a kan katako mai ƙarfi, ba a riƙe a hannu ba, ba kuma a matse jikinsa a bakin maƙerin ƙarfe ba. In ba a san saitin dā ba, a buɗe allura kamar juyi biyu zuwa biyu da rabi ga matsakaitan injuna, kamar uku ga ƙananan Cox. A fara da mai mai yawa. Injin da mai ya yi wa yawa ya kan yi murya mai kauri, yana gurnani yana tofar da maiƙo, wannan ba ya cutar da shi. Wanda mai ya yi wa kaɗan shi ke yin siririyar ƙara mai daɗin ji, ita ce kuwa mai kisa, gama man shafawa a cikin man sha ya ke, in ɗaya ya ragu ɗayan ya ragu. Inji mai toshewar da ba ta cika ba ya kan yi gudu fiye da kullum na ɗan lokaci, mai shi yana murna, kafin ya ankara fistin ya yi zafi ya karce silinda, matsi ya tafi. Wannan ne ya sa muka ƙi a nemi maganin toshewa ta wurin murɗa allura.

A rufe allurar kaɗan-kaɗan, ana jira tsakanin kowane motsi, har murya ta washe, sa'an nan a koma baya kaɗan. A matse tiyo da yatsa biyu na ɗan lokaci a saki. In ya ɗan ƙara gudu kafin ya fara sanyi, saitin ya yi. In ya mutu nan take, yunwa ya ke ji. In yana kan jirgi, a ɗaga hancin jirgin sama sosai na daƙiƙa goma. Wanda ya yi sanyi a hannu, a sama ma zai yi, gara a gani tun ana ƙasa. A bar shi ya shanye tanki guda har ƙarshe kafin a yarda da shi, saboda tsagar nan ta rabin tanki da muka ambata.

Ran da za a sake ajiye shi kuwa, a cire tiyo yana cikin tafiya ya ƙone abin da ke cikinsa, a haɗa batir a buga har ya daina tari. A tsiyaye tanki sarai. A ɗiga man inji mara kauri, irin na giyar mota mai sauya kanta ko na kayan aikin iska, ta maƙogwaro da ramin fulogi, a juya farfela sau da yawa ya ratsa boris. Injunan da ke da silikon a cikin famfonsu, kamar na YS, ba sa son irin wannan mai, su a bi abin da maƙeransu suka faɗa. A toshe maƙogwaro da ƙofar hayaƙi da ɗan ƙyalle, a sa injin cikin leda a ɗaure, a rubuta yawan juyin allura a 'yar takarda a jefa ciki tare da shi.